Gwiwar Hagu ta Badamasi Mainasara

Ranar da jijiyar gwiwar Badamasi Mainasara ta tsinke, babu ɗan kallo ko ɗaya a filin. Shekarun nan ne da ake buga gasar ƙwallon Masar ƙofa a rufe, kujeru fayau, daga 'yan sanda sai masu ɗaukar hoto. Shi ya sa kowa ya ji ƙarar. Tsalle ya yi ya kare wata ƙwallo da ka, ya dira a kan ƙafar hagu, ƙafar ta kafe a ciyawa, gangar jikin ta juya ta bar ta a nan. Sai ji aka yi ƙas, kamar an karya busasshen kara. Mai tsaron ragarsu ya gaya masa daga baya cewa shi ma ya ji, har ya dafe kai tun kafin Badamasi ya kai ƙasa.

Wannan a watan Fabrairu ne na 2014. Badamasi ɗan Gusau ne, shekararsa ashirin da tara, kuma shekara huɗu ke nan yana tsaron baya a wata matsakaiciyar ƙungiya ta birnin Alƙahira. Ba tauraro ba ne, amma duk koci na son irinsa: dogo, mai ƙashi, ba a cinye shi a sama, ba ya yawan magana. Yana zaune a unguwar Ainu Shams, a hawa na huɗu na wani bene, da matarsa Husaina da 'yarsu Hidaya mai shekara uku.

An yi masa tiyata a watan Maris. Aka yanko jijiya daga bayan cinyarsa aka dasa a cikin gwiwar. Sati shida yana bin sanduna, gidan kuma ba lif, idan ya sauka sau ɗaya sai ya yi shawara da kansa kafin ya sake hawa. Bayan nan ƙungiya ta tura shi wurin wani mai gyaran gaɓoɓi a Wustul Balad, tsakiyar birnin, mai suna Malam Ishaƙ, Bahaushen Sudan ɗan Mai Wurno, dattijo siriri mai manyan hannuwa. Ranar farko da ya ji Badamasi na nishi yana cewa wayyo da Hausa, sai ya yi dariya ya amsa masa da Hausa. Tun daga nan suka saba.

Kullum da safe Badamasi kan hau metro, jirgin ƙasa na cikin gari. Tashar Sadat a rufe take a lokacin, sai ya sauka a Nasir ya ƙarasa da ƙafa. A cikin jirgin ne ya fara lura da abin da ya same shi. Duk sanda mutane suka turo a wata tasha, sai ya ji ya janye ƙafar hagu ya ɓoye ta bayan ta dama, zuciyarsa na bugawa kamar wanda aka biyo. Jakar wata tsohuwa ta taɓa gwiwar wata rana, taɓawa kawai, ya ji gumi ya karyo masa har tafin hannu. Ya ce wa kansa idan ta warke zai daina.

Ta warke kuwa. A wata na takwas likita ya ja ƙafar, ya murɗa ta, ya duba hoto, ya ce tamam, komai daidai, jijiya ta kama. Badamasi ya koma gudu. Idan a miƙe ne, ba abin da ya rage masa. Matsalar ita ce juyi da dira. Da zarar ya zo zai taka ƙafar hagu ya juya a kanta, sai wani abu ya riƙe shi daga ciki, ya ƙara ƙananan taku biyu don nauyin ya koma dama. Taku biyun nan ba kowa ke gani ba. Shi dai ya san a fili sun isa ɗan gaba ya wuce shi ya tafi.

Bai gaya wa kowa ba. Doka ta ba kowace ƙungiya baƙi uku ne kawai, kuma da aka fara sabuwar kakar wasa an cire sunansa daga jerin, aka ce a watan Janairu za a duba shi, in ya dawo daidai a mayar. Iƙamarsa, wato izinin zama a ƙasar, da ta Husaina da ta yarinyar duk a kan aikin nan suke rataye.

Wata Juma'a bayan masallaci, abokinsa Nata'ala ya zo cin abinci. Ma'aikaci ne a ofishin jakadancin Najeriya, mutum mai fara'a da surutu, wanda bai taɓa buga ƙwallo ba amma ya fi kowa saninta. Yana cikin cin tuwo ya ciro waya.

"Ka san har yau kana cikin ƙungiyata?" in ji shi.

"Wace ƙungiya kuma?"

Nata'ala ya bayyana masa. Wasa ne a intanet, fantasi suke ce masa. Kowa zai haɗa tasa ƙungiyar da sunayen 'yan wasan gaske na gasar Masar, duk abin da ɗan wasa ya yi a fili ranar wasa sai a ba wanda ya zaɓe shi maki. Kowane suna da darajarsa, tana hawa tana sauka. Ya miƙo wayar. Ga hoton Badamasi nan da rigar ƙungiya, yana murmushi, a gefen sunansa wata jar alama.

"Bara mutum dubu tara ne suka ɗauke ka," in ji Nata'ala. "Mai sauƙin saye, ga kawo maki. Yanzu kuwa saura mu talatin da ɗaya. Ni dai ban sake ka ba. Tsaya ma, sun yi rubutu a kanka a shafin wasan wannan satin."

Ya fara karantawa yana juyawa daga Larabci, bai duba ƙarshen ba tukuna. Mai rubutun ya ce labari ya zo cewa ɗan Najeriyar nan ya koma atisaye, amma kada kowa ya yi gaggawa. Ɗan bayan da ya kusa talatin, in irin wannan jijiya ta tsinke masa, ba kasafai yake dawowa yadda yake ba. Da yawansu ma takan sake tsinkewa a shekarar farko. A bar shi sai an ga ya buga wasa uku a jere.

Nata'ala ya katse karatun a tsakiyar layi. Husaina da ke shigowa da ruwa ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ma'alish, yi haƙuri mutumina. Waɗannan ba likitoci ba ne, masu zaman shago ne kawai," in ji Nata'ala.

"Ba komai," in ji Badamasi, ya ci gaba da cin abinci, amma bai san ɗanɗanon abin da ke bakinsa ba.

Washegari ya nemo shafin da kansa. Daga ranar ya zame masa jiki. Bayan sallar asuba, kafin shayi, sai ya buɗe. Talatin da ɗaya suka koma ashirin da shida, suka koma sha tara. Ya san wasa ne. Ya san yawancinsu ɗalibai ne da direbobi da masu aski da ba su taɓa ganin gwiwarsa ba. Amma abin da ke damunsa shi ne, mutanen nan ba ƙinsa suke yi ba, lissafi kawai suke yi, kuma lissafinsu ya zo daidai da abin da yake ɓoyewa. Maganar nan ta sake tsinkewa a shekarar farko ta zauna masa a ka. Yana jin ta a matakala, yana jin ta idan ya durƙusa zai ɗauki Hidaya.

Malam Ishaƙ ne ya fara kama shi. Akwai wani akwatin katako a ɗakin, tsayinsa bai kai gwiwa ba. Ya ce ya hau, ya diro da ƙafar hagu ita kaɗai. Badamasi ya hau, ya diro. Ishaƙ ya ce a sake. Sau biyar.

"Ya zol, bawan Allah, wa kake yi wa wayo?" in ji dattijon a hankali. "Duk biyar ɗin da dama ka fara taɓa ƙasa."

"Santsi nake ji a tabarmar."

"Ba santsi. Hau."

Badamasi ya hau ya tsaya. Ya dubi ƙasa. Tazarar ba ta kai taku ɗaya ba, amma ƙafarsa ta fara rawa har akwatin na motsi. Ya ji ƙarar nan ta filin a kunnensa sarai, kamar yanzu aka yi ta. Ya fi minti yana tsaye, sannan ya sauko ta baya da ƙafar dama, ya zauna a kan akwatin ya sunkuyar da kai.

"Malam, tsoro nake ji," ya ce. "Tun da na ajiye sanduna. Ban gaya wa kowa ba."

Ishaƙ ya jawo kujera ya zauna gabansa. "Na sani tun watan jiya, jira nake ka faɗa. Jijiyarka lafiya lau, da hannuna na taɓa. Amma ba zan ce maka ba za ta sake tsinkewa ba, don ban san gaibu ba. Abin da na sani, mai ɓoye ƙafa ɗaya shi ya fi faɗuwa, don ɗayar ce ke gajiya. Za mu fara daga kan bulo guda."

Suka fara daga bulo. Sati uku kafin ya iya dirowa daga akwatin, kuma ko a lokacin sai ya rufe ido.

Husaina ba ta jira ya gaya mata ba. Wata la'asar suna saukowa za su kai Hidaya wurin wasa, ta tsaya a hawa na biyu ta juyo.

"Baban Hidaya, wata nawa ke nan kana saukowa da ƙafa ɗaya kamar tsoho? Ka ɗauka ba na gani?"

Ya tsaya a kan matakalar da yake.

"Ni ma tsoron nake ji," ta ce. "Ranar da aka kawo ka kan gadon nan mai taya, ban gaya maka ba, sai da na yi amai a banɗakin asibiti. In ka ce mu koma gida, wallahi kayana ba su da yawa."

"In na koma, me zan yi? Tun ina ɗan shekara sha huɗu wannan kaɗai na iya."

Ta kama hannun yarinyar suka ci gaba da sauka, shi yana biye, yana riƙe da ƙarfen matakala.

Aka sa ranar gwaji: Alhamis ta biyu a watan Janairu, wasan sada zumunta da wata ƙungiya ta rukuni na biyu, ƙarfe sha ɗaya na safe. A ɗakin sauya kaya ya tarar da wani saurayi ɗan Ivory Coast, shi ma ɗan baya, shi ma an kawo shi gwaji. Suka gaisa da hannu. Ba wanda ya yi wa Badamasi bayani, bai kuma buƙata ba. Gurbi ɗaya ne ya rage.

Sanyi ake yi sosai, ciyawar da laima. Minti goma na farko ƙwallo ba ta zo wajensa ba, ya yi ta addu'a ta ci gaba da haka, sannan ya ji kunyar addu'ar. Sai ga wani gajere mai gudu ya nufo shi da ƙwallo, ya yi kamar zai bi dama ya karkata hagu. Badamasi ya ƙara takun nan biyu. Yaron ya wuce kamar iska. Bayan minti biyar ya sake yi masa haka. Ya ga koci ya rubuta wani abu a takarda.

Ana dab da hutun rabin lokaci aka samu bugun kwana a ragar su Badamasi. Ƙwallon ta taso sama, kai tsaye inda yake, kuma ɗan gaban abokan karawa ya riga ya tashi. Ba lokacin tunani. Badamasi ya tashi, ya fi shi tsawo, ya doke ta da goshi ta fita har tsakiyar fili. Ya dira a kan ƙafar hagu.

Ya ji ƙara a cikin gwiwar.

Bai san lokacin da ya kwanta ba. Ya riƙe gwiwar da hannu biyu, ya zuba wa sama ido, numfashinsa na fita guntu-guntu. Fuskoki suka taru a kansa. Wani na tambayarsa ina ke ciwo, ya kasa cewa komai, don gaskiya bai san ko akwai ciwo ba, tsoron ya rufe komai. Abin da yake gani kawai sandunan nan ne da ke jingine bayan ƙofar ɗakinsu, da hawa huɗu. Aka ɗauke shi aka fitar.

Da rana aka kai shi ɗaukar hoton gwiwa, irin wanda ake tura mutum cikin na'ura kamar rami. Aka ce kada ya motsa. Minti arba'in na'urar na buga ƙara a kansa, shi kuma yana jin ƙafar na son rawa yana danne ta. Ya karanta duk abin da ya zo bakinsa na Alƙur'ani, yana ɓatawa yana komawa farko. Da aka fito da shi aka ce sakamako sai Asabar, don gobe Juma'a.

Daga can ya sa aka wuce da shi wurin Malam Ishaƙ. Dattijon ya kwantar da shi, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya ja ƙwauri da ɗayan. Ya sake. Ya daɗe yana matsa gefen gwiwar.

"Ba kumburi," ya ce. "Kuma tana tsayawa inda ya kamata. Ina jin tabon tiyata ne na ciki ya saki. Yakan yi ƙara haka."

"Kana ji, ko ka tabbata?"

"Ina ji. Hoto ne zai tabbatar."

Kwana biyun nan sun fi masa wata goma sha ɗayan da suka wuce tsawo. Ya zauna a falo ƙafa a kan matashi, yana duba gwiwar kowane minti kaɗan ko ta fara kumbura. Wani lokaci sai ya ga kamar ta fi ɗayar girma, ya kira Husaina ta zo ta duba. Ta ɗauko zaren ɗinki ta auna duka biyun a gabansa, daidai suke, bayan awa ɗaya ya sake kiranta. Bai je masallaci ba ranar Juma'a. Ko banɗaki sai da ya ɗauko sanda ɗaya, alhali ƙafar na ɗaukarsa. Nata'ala ya kira, Badamasi ya ƙi ɗagawa, sai Nata'ala ya turo saƙo cewa shafin nan sun rubuta an fitar da shi daga fili a kwance, wai abin da ake gudu ya faru. Ya ce shi bai yarda ba. Badamasi ya kashe wayar ya ba Husaina ta ajiye.

Ranar Asabar da hantsi likita ya ɗaga hoton a gaban fitila ya nuna masa wani baƙin layi da bakin biro. Jijiyar na nan daram. Tabo ne ya saki, kamar yadda Ishaƙ ya faɗa. Ya ce ya huta kwana biyar sannan ya koma fili.

Badamasi ya fito ya zauna a kan benci a barandar asibitin. Ya ɗauka zai ji daɗi, amma abin da ya fara zuwa rawar jiki ce, ta kama shi daga kafaɗa har ƙafa, sai da Husaina ta dafa shi. Can ya ce, "Ƙafar ta ɗauke ni fa. Da dukan nauyina na dira a kanta." Ta ce, "Na ji likita ya faɗa."

Da la'asar ya je ofishin ƙungiya da takardar a hannu. Koci ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka kawo shayi, ya karanta takardar har ƙasa. Sannan ya gaya masa cewa da safen nan aka yi wa ɗan Ivory Coast rajista. Sun ga yadda aka fitar da shi, lokaci na ƙurewa, ba su iya jira ba.

"Ko da ba ka faɗi ba," in ji kocin, "sau biyu yaron nan ya wuce ka ta gefe ɗaya. Kai ma ka sani. Ba ƙafarka ba ce, ya Badamasi. Kana buƙatar wasanni, ni kuwa ba ni da wasannin da zan ba ka ka koya a ciki."

Bai yi musu ba. Kocin ya ce akwai wani abokinsa da ke riƙe da wata ƙaramar ƙungiya a garin Bani Suwaif, rukuni na biyu, yana neman ɗan baya mai hankali zuwa ƙarshen kaka. Za su gyara masa iƙama. Filinsu ba kyau, ba a nuna wasansu a talabijin. In yana so, a kira shi yanzu.

Ya ce a kira.

Rukuni na biyu ba ya cikin fantasi. Sati bai cika ba aka cire sunansa daga shafin gaba ɗaya, Nata'ala ya kira yana mita cewa an tilasta masa sayen wani. Badamasi ya yi dariya, karo na farko cikin kwanaki, ya ce ya sayi ɗan Ivory Coast ɗin, yaron na da kyau.

Husaina da Hidaya suka zauna a Ainu Shams, shi kuma yana hawan jirgin ƙasa daga tashar Ramsis ranar Lahadi ya dawo bayan wasa. Ranar da ya isa ya gaya wa sabon kocin gaskiya tun kafin a tambaye shi: ƙafar ta warke, amma yana tsoronta. Mutumin ya dube shi ya ce to, za a fara da minti ashirin.

Filin nasu tauri gare shi kamar daɓe, ciyawar tsilli-tsilli. A wasansa na farko, da aka ɗaga lambarsa, sai ya tsaya a bakin layi yana gyara safa da ba ta buƙatar gyara har alƙalin wasa ya yi masa magana. Ya shiga. An wuce shi sau ɗaya ta hagu. Sau ɗaya kuma ya taka ƙafar ya juya a kanta ya ƙwace ƙwallon, bai ma lura ya yi ba sai bayan ta bar ƙafarsa.

Wasa goma sha ɗaya ya buga musu kafin kakar ta ƙare a farkon zafi, bakwai daga ciki tun daga farko har ƙarshe. Tsoron bai tafi ba. Kafin kowane wasa yakan shiga banɗaki ya daɗe, hannuwansa na sanyi, kuma bai sake tsalle da sakin jiki irin na da ba. Tsohuwar ƙungiyarsa ba ta neme shi ba. Ta Bani Suwaif ta ce ya ƙara shekara ɗaya, ya nemi kwana uku ya yi shawara da matarsa, sannan ya sa hannu, suka fara neman gida kusa da filin, a hawa na ƙasa.